Annabi ya faɗa bai faru ba, to sai me? Fashin baƙi kan ma'aunin da Littafi Mai Tsarki ya bayar

Duk daren 31 ga Disamba in aka taru a coci don shiga sabuwar shekara, kafin gari ya waye waya ta cika da bidiyo, wannan bawan Allah ya ce an nuna masa wani babban mutum zai mutu, wancan ya ce naira za ta farfaɗo, wani kuma ya ce ya ga wanda zai ci zaɓe har da kalar rigar da zai sa ranar rantsarwa. Mu kuma muna ta turawa juna a WhatsApp muna rubuta amin. Abinda ba mu cika yi ba shi ne mu dawo a watan Disamba na gaba mu buɗe bidiyon nan mu ce to malam, ina maganar da ka yi mana bara? Kafin zaɓen 2023 ba irin annabcin da ba mu ji ba, har da masu cewa ba za a yi rantsarwa ba sam, ranar 29 ga Mayu ta zo aka rantsar da Tinubu, ranar Lahadi kowa ya hau bagadinsa ya ci gaba da wa'azi kamar ba shi ya faɗa ba.

Bari na ɗan tsaya saboda maƙwabtanmu Musulmi da za su karanta, na san kalmar annabi a nan za ta yi muku wani iri tunda a wajenku an rufe annabci. Mu ma Kirista ba bakinmu ɗaya ba a kan wannan. Akwai masu cewa baiwar annabci ta ƙare tun zamanin manzanni da aka gama rubuta Littafi Mai Tsarki, akwai kuma musamman 'yan Fentikos da ke cewa tana nan har gobe. Ni yau ba wannan gardamar zan raba ba. Mu ɗauka ma tana nan ɗin, tambayar ita ce da wane mudu za a auna mai cewa "Ubangiji ya ce".

Mudun farko kowa ya san shi ko da bai san inda yake ba, yana cikin Maimaitawar Shari'a 18:20-22 (masu tsohuwar fassara za su ga Kubawar Shari'a). Mutane ne da kansu suka yi tambayar, ta yaya za mu gane maganar da ba Ubangiji ne ya faɗa ba? Amsar kuma ba ta da kwana-kwana, in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, izgili ne kawai mutumin ya yi, sai ayar ta rufe da cewa kada ku ji tsoronsa. Wannan jelar ayar ita ce aka fi mantawa da ita, alhali ita ce ta fi shafar mu, don abinda ke riƙe da bakin mutane a coci tsoro ne, kar na yi magana ya la'ance ni, kar na taɓa shafaffen Allah. Wannan "kada ku taɓa shafaffuna" ɗin ma da ake ta yi mana barazana da shi, je ka karanta Zabura 105 daga aya ta 8 zuwa 15 ka gani, maganar su Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo cikin ƙasashen mutane, Allah yana gargaɗin sarakuna kar su cuce su. Ba a ce kar a tambayi fasto ina annabcinsa ya kwana ba.

Hukuncin da ke aya ta 20 kisa ne, kuma gara na faɗa a fili tunda ƙasarmu ba ta rasa masu zafin kai, wannan doka ce ta Isra'ila a matsayinta na ƙasa mai shari'arta, ikilisiya ba ta da takobi, ba wanda ya aike ka ka ɗaga wa kowa hannu. Amma nauyin hukuncin yana nuna maka girman laifin. Jingina wa Allah maganar da bai yi ba ba ƙaramin tuntuɓen harshe ba ne.

Toh, da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Sai dai duk ranar da ka tare ɗaya daga cikin mutanen nan da wannan aya, ko shi ko yaransa za su jefo maka Yunusa. Ba Yunusa ya ce saura kwana 40 a hallaka Nineba ba, an hallaka ta? Ba Ishaya ya ce wa sarki Hezekiya ya kintsa gidansa mutuwa zai yi ba, sai ga shi an ƙara masa shekara 15? To su ma annabawan ƙarya ne? Kuma gaskiya tambaya ce mai kyau, bai kamata a share ta ba, don Irmiya 18:7-10 ya faɗa ƙarara cewa in Allah ya ce zai tumɓuke wata al'umma sai ta tuba, zai fasa, in kuma ya yi alkawarin gina ta sai ta koma mugunta, nan ma zai fasa. Wato akwai annabci mai sharaɗi, ba ƙirƙirar 'yan zamani ba ce.

Amma duba yadda abin ya kasance a wuraren biyu. A Nineba dalilin fasawar kowa ya gan shi da ido, daga sarki har talaka an sa tsummoki an yi azumi, har dabbobi aka hana ci da sha, kuma saƙon tun asali gargaɗi ne, amfanin gargaɗi ai shi ne a ji a kauce. Yunusa kansa abinda ya sa ya gudu tun farko kenan, ya san in suka tuba Allah zai ji tausayinsu. Na Hezekiya kuwa, mutumin ya juya fuska bango ya yi kuka ya roƙi Allah, Ishaya bai ma gama fita daga filin tsakiyar fada ba aka ce masa koma, shi ɗin da ya kawo saƙon farko shi ya dawo da na biyu, tun kafin komai ya faru. Ba wai an jira abu ya watse ba ne sannan aka zo ana kame-kame. Yanzu ka ɗauki wannan ka gwada da mai cewa wane ne zai ci zaɓe, aka yi zaɓe ya sha ƙasa, sai ya fito ya ce ai ku ne ba ku yi addu'a sosai ba, ko ai a ruhaniya ya ci. Ina sharaɗin yake ranar da kake faɗa? Ranar ai cewa ka yi ko ana so ko ba a so. Sharaɗin da aka haifa bayan an faɗi sakamako sunansa borin kunya.

Misalin da yawancinmu muka gani shi ne na marigayi T.B. Joshua a Nuwamban 2016, ana saura kwana biyu zaɓen Amurka ya ce an nuna masa wanda zai ci da ƙyar, kuma mace ya gani. Trump ya ci. Rubutun ya ɓace daga shafinsa na Facebook, da surutu ya yi yawa ya sake dawowa, aka koma cewa ai Hillary Clinton ta fi yawan ƙuri'un jama'a. Eh ta fi, da kusan miliyan 3 ma, amma wa ya kwana a fadar White House? Wanda ya saurari maganar ranar Lahadin nan abinda ya fahimta shi ne mace za ta zama shugaba, kuma a kan abinda mutane suka fahimta ake auna magana, ba a kan fassarar da aka ɗinka mata daga baya ba.

Labarin da ni na fi so a duk wannan batu shi ne Irmiya sura 28, don kamar a garinmu aka yi shi. Babila ta riga ta kwashe sarki Yekoniya da kayan Haikali, mutane suna cikin ƙunci suna neman mai faɗa musu magana mai daɗi, ga Irmiya yana yawo da karkiyar itace a wuya yana cewa ku haƙura ku yi wa Nebukadnezzar biyayya, abin nan shekara 70 ne. Sai ga Hananiya ɗan Azzur mutumin Gibeyon, a cikin Haikali gaban firistoci da jama'a, ya ce Ubangiji ya ce cikin shekara 2 za a dawo da komai. Ka san me Irmiya ya ce? Amin, Allah ya sa haka. Bai zage shi ba. Sai dai ya ƙara da cewa annabawan da suka riga mu yaƙi da masifa da annoba suka yi ta faɗa, shi kuwa mai annabcin salama sai maganarsa ta cika tukuna za a san Ubangiji ne ya aiko shi. Kenan mai kawo albishir shi ne nauyin hujja ya fi hawa kansa, don shi ne kowa ke son ya gaskata. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya, na tabbata ranar an yi tafi, Irmiya kuma ya kama hanyarsa ya tafi bai ce uffan ba, don a lokacin ba a ba shi abin faɗa ba kuma bai ƙirƙiro ba. Sai daga baya maganar Ubangiji ta zo, ka karya ta itace za a sa ta ƙarfe, kuma ka sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya, bana za ka mutu. A wata na 5 aka yi wannan, wata na 7 Hananiya ya rasu.

"Ka sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya", nan ne ciwon yake. Don annabcin da bai cika ba ba a iska yake ƙarewa ba, a kan wani yake faɗowa. Akwai wata baiwar Allah da muke zumunta ɗaya da mamana, shekara da shekaru ba haihuwa, wani baƙon mai wa'azi da aka gayyato taron farkawa ya kira ta gaban jama'a ya ce kafin shekara ta zagayo za ta goya, ta kawo iri na bangaskiya. Ta sayar da akuyoyinta ta kai. Har kayan jarirai ta fara tarawa. Shekara ta zagayo shiru, shi ya daɗe da barin gari, ita kuma ta daina zuwa sujada wajen wata shida saboda kunya, kuma abinda ya fi ba ni haushi har yau shi ne wasu cikin matan cewa suka yi ƙila bangaskiyarta ce ta yi rauni. Ba wanda ya ce a nemo mutumin nan a tambaye shi. Dattawan da suka gayyato shi ma ba su ce komai ba.

In kana ganin wannan ƙarami ne to ka tuna Kanungu a Yuganda, ƙungiyar su Joseph Kibwetere da suka ce duniya za ta tashi ƙarshen 1999, mutane suka sayar da abinda suka mallaka suka kai, duniya ba ta tashi ba, aka fara tambayar ina kayanmu, ranar 17 ga Maris 2000 aka rufe mutane a cikin majami'a wuta ta cinye su, da gawarwakin da aka tono daga baya a wasu gidaje adadin ya haura 700. Duk da Yesu da bakinsa ya ce a Matiyu 24:36 ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku.

Sai kuma ɗaya gefen da mutane ba su cika lura da shi ba. A ce ma ya faɗa ya faru, shikenan ya zama na Allah? Maimaitawar Shari'a 13 ta ce a'a, ko alamar da ya faɗa ta cika, in yana jan ku zuwa ga wasu alloli kada ku saurare shi. Yesu ma a Matiyu 7 ya ce da 'ya'yansu za ku san su, har ya ce a ranar ƙarshe da yawa za su ce ba mu yi annabci da sunanka ba, ya ce musu ban taɓa saninku ba. Balle ma a ce zaɓe tsakanin manyan 'yan takara biyu ko uku, ko mai shayin bakin tasha in ya yi canki-canka zai dace wani lokaci. Shi ya sa masu wayon cikinsu ke jero abu 40 ko 50 a dare ɗaya, wani basarake zai rasu, za a yi gobara a kasuwa, a yi addu'a saboda hatsarin mota, to a Najeriya wace shekara ce ba a yi waɗannan ba? Uku suka faru sai a yanko bidiyonsu a sa kiɗa a ƙasa, sauran 47 ɗin kuma ko oho. Irmiya 23:30 har maganar annabawa masu satar magana a bakin juna ya yi, ka ce ya ga zamanin YouTube.

Kuɗi kuwa, Mika 3:5 ya gama magana, in ka sa musu abu a baki sai su ce salama, wanda bai ba su ba su ɗaura masa yaƙi. Ka tuna sarki Ahab da annabawansa wajen 400 a 1 Sarakuna 22, duk baki ɗaya suna cewa hau Ramot-gileyad nasara taka ce, har wani Zadakiya ya ƙera ƙahonin ƙarfe yana nuna yadda za a tunkuyi Suriyawa. Mikaiya shi kaɗai ya ce ba haka ba, ɗan aiken da ya je kiransa ma sai da ya ja masa kunne ya ce don Allah ka bi bakin 'yan'uwanka. Ya sha mari aka jefa shi kurkuku, amma ji abinda ya ce yana tafiya, in ka dawo lafiya to Ubangiji bai yi magana ta bakina ba, ku ji fa jama'a duka. Shi da kansa ya miƙa wa mutane mudun da za su auna shi. Yau wa ke yin haka? Wanda ke cin tuwon gidan gwamnati da wuya ya ga wahayin da zai ɓata wa mai gidan rai.

Akwai hujja ɗaya da masu ilimin cikinsu ke kawowa wadda ta fi ta Yunusa ƙarfi, ita ce wai annabcin Sabon Alkawari ba irin na su Ishaya ba ne, mutum zai iya karɓar abu daga Ruhu Mai Tsarki amma wajen faɗa ya gauraya da nasa tunanin. Malamin tauhidin nan na Amurka Wayne Grudem shi ya fi shahara da wannan ra'ayi, yana kafa hujja da Agabus a Ayyukan Manzanni 21, wanda ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure kansa ya ce haka Yahudawa za su ɗaure mai ita su miƙa shi ga al'ummai, alhali da abin ya zo Yahudawa dukansa suke yi za su kashe shi, sojan Roma ne suka ƙwace shi suka sa masa sarƙa. Masu ja da shi irin su John MacArthur suka ce ba kuskure a nan, Bulus da kansa a sura 28 ya ce daga Urushalima aka bashe shi ɗaurarre a hannun Romawa. Ni dai ina ganin hujjar Agabus ɗin ta yi siriri da yawa a ɗora mata wannan kaya, amma a ce ma an yarda da ita, ba ta wanke kowa ba, sai ma ƙara ɗaure su da ta yi. Don in annabcinka na iya zama da kuskure to ba ka da ikon cewa "in ji Ubangiji" da ƙarfin murya kana buga bagadi, sai dai ka ce ina ji a zuciyata kamar Ubangiji yana nuna mini kaza, ku auna, kuma shi Grudem ɗin ma shawarar da ya bayar kenan. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 14:29 biyu ko uku su yi magana sauran su auna, a 1 Tasalonikawa 5 ya ce kada ku raina annabci amma ku gwada komai, 1 Yahaya 4:1 ya ce kada ku gaskata kowane ruhu. Ba zai yiwu ranar faɗa ka zama Iliya ba mai tambayarka, ranar da abu ya ƙi kuma ka koma ai ni ma ɗan adam ne.

To wanda ya yi kuskure ya fito ya amsa fa? Nan ne ni kaina nake sassautawa. Annabi Natan ya taɓa ce wa Dawuda je ka gina Haikali Ubangiji yana tare da kai, a daren nan Allah ya ce masa ba haka ba, ya koma ya warware maganarsa gaban sarki (ko da yake shi bai ce Ubangiji ne ya faɗa ba a karon farko, ra'ayinsa ya bayar). A zamaninmu akwai Harold Camping mai gidan rediyon Family Radio a Amurka, ya sa 1994 a matsayin lokacin tashin duniya bai yiwu ba, ya sa 21 ga Mayu 2011 aka cika duniya da allunan talla, wasu suka bar aiki suka ƙarar da ajiyarsu, ranar ta wuce ya ce ai a ruhaniya ta faru ya matsar zuwa 21 ga Oktoba, sai a Maris 2012 ya fito ya ce abinda ya yi kuskure ne kuma zunubi ne. Ya makara ƙwarai, kuɗin mutane bai dawo ba, amma dai ya kira abin da sunansa kafin ya rasu a 2013. Sai Jeremiah Johnson, wani mai wa'azi a Amurka, wanda ya yi suna don tun 2015 ya ce Trump zai hau, ya sake cewa zai zarce a 2020, da bai zarce ba ya fito a Janairun 2021 ya nemi gafara, ya ƙi fakewa da cewa an yi maguɗi ko mutane ba su yi addu'a ba. Abin mamaki, ya ce saƙonnin zagi har da barazanar kisa da ya samu daga Kirista 'yan'uwansa ne, ba don ya yi annabcin da bai cika ba, don ya ba da haƙuri. Ka ga kenan matsalar ba a bagadi kaɗai take ba, tana kan benci, Irmiya 5:31 ya ce annabawa suna annabcin ƙarya jama'ata kuma haka suke so.

A ganina gafara daban amana daban. Wanda ya tuba a gafarta masa, ɗan'uwa ne, a ci abinci da shi. Amma ya sauka daga wannan kujerar tukuna, ya je wajen waɗanda maganarsa ta cuta, in ya karɓi akuya ya mayar da akuya, kuma neman gafarar ya kai inda annabcin ya kai, ba a yi annabci gaban mutum 5,000 da kyamara ba sannan a ba da haƙuri a ofis gaban dattawa uku. An ce game da Sama'ila Ubangiji bai bar ko ɗaya daga maganarsa ta faɗi ƙasa ba, shi ya sa daga Dan har Biyasheba, wato duk faɗin Isra'ila, aka san shi annabi ne, sunan ya biyo bayan aikin ne, ba a fosta aka fara buga shi ba.

Da ikilisiya ta ƙi yin wannan aikin, a Ghana 'yan sanda ne suka yi mata. A ƙarshen Disamban 2021 lokacin Sufeto Janar George Akuffo Dampare suka fitar da sanarwa cewa duk wanda ya yi annabcin mutuwa ko masifa da zai jefa jama'a cikin firgici a daren shiga shekara ba tare da hujja ba zai iya fuskantar shari'a, har ɗaurin shekara 5. Ban ce ina murna da hukuma ta shiga harkar bagadi ba, yau annabin ƙarya ne gobe ba ka san wa za a rufe wa baki ba, Mikaiya ma ai hukuma ce ta kulle shi. Amma abin dariyar shi ne yadda wahayi ya canza salo a daren nan, masu ganin mutuwar manyan mutane da suna da rana sai ga shi sun koma magana a dunƙule, wani ma ya laƙaba wa ƙasar wani suna na daban ya ce ba Ghana yake nufi ba.

Ni dai tun bara na sayi ƙaramin littafi na naira 300, duk wanda aka turo min bidiyonsa ina rubuta sunansa da kwanan wata da ainihin abinda ya faɗa da bakinsa, da ko ya sa sharaɗi ko bai sa ba. Matata tana min dariya wai na zama akawun annabawa. Shafi 11 na cika zuwa yanzu, ina jiran Disamba.